Rauta a gidan ƙasa

Mai karatu, in kai ɗan cikin badala ne irina, ka san yanzu ba a Ƙofar Wambai ake sayo fim ba. Tun 2020 da su "Izzar So" da "Labarina" suka fito, kallo ya koma YouTube, mu masu sharhi kuwa data ta zama cefane. Shi ya sa na sayi rauta, 'yar akwatin nan da ake sa wa layi ta raba wa gida intanet.

Haɗa ta ba wuya. Ka sa layi, ka kunna, ka shiga adireshin da ke rubuce a bayanta, ka canza lambar sirri. Wurin ajiye ta ne aiki. Gidanmu ginin tubali ne, kaurin bangon ya fi kamu guda. Bangon da ke tare mana zafin bazara, shi ke shanye sabis. Zangon 5GHz ya fi gudu, amma bango ɗaya ke kayar da shi, 2.4GHz ne mai haƙurin ratsawa. Don haka na rataye tawa can sama a rumfar tsakar gida, inda ƙofar kowane ɗaki ke kallon ta.

Lambar sirrin fa? Nan ne zumunci ke shigowa. Gwaggo ta aiko a sa wa jikanta, kai kuwa ba ka isa ka ce a'a ba. Kafin la'asar samarin dakalin ƙofar gida duk sun haddace ta, datar wata guda ta tafi a kwana tara. Yanzu ni ke karɓar wayar in rubuta da hannuna.