Tsoro Na Daji, Kunya Na Gida

Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma ba mai jayayya da wannan. Sai dai masu yawan kawo wannan karin magana galibi waɗanda suka je suka dawo ne, suna zaune a kan tabarmarsu ana yi musu barka da sauka. Ba kasafai ake jin ta a bakin wanda tafiyarsa ta rage saura kwana bakwai ba, mutumin da yake kwana yana juyi, yana lissafin guzuri da yatsu a cikin duhu. Wannan mako na jajibirin tafiya shi nake so in ɗan tattauna da 'yan'uwana marubuta a kansa, domin na ɗanɗana shi a 2024, lokacin da na ƙuduri aniyar zuwa ƙasar Gana a mota.

Abin da zai kai ni ba fatauci ba ne. Na daɗe ina jin labarin Alhaji Umaru, malamin nan kuma mawaƙi da aka haifa a Kano a 1858, ya bi hanyar fataken goro har Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 kuma ya koma Kete-Karaci, inda ya rasu a 1934. Ya yi rubutu da Larabci da ajamin Hausa, har ma ya yi waƙa a kan talauci da wadata. Akwai rubuce-rubucensa a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, ni kuwa ina so in gan su da idona, tunda an ce zuwa da kai ya fi saƙo. Ba wata ƙungiya da ta ɗauki nauyina. Kuɗin tafiyar adashi ne na shekara guda da ɗan abin da littafina ya kawo, mai karatu kuwa ya san abin da littafi yake kawowa a ƙasar nan.

Fargabar farko ta kuɗi ce. Daga Kano zuwa Ikko kusan kilomita 1,000 ne, daga Ikko zuwa Akra, wadda tsofaffinmu suke kira Ankara, kusan rabin haka. Amma a cikin wannan rabin mutum zai ƙetare kan iyaka uku, ya taɓa kuɗi iri uku: naira har Seme, sefa a Binin da Togo, sannan sidi daga Aflawo. Duk canji ɗaya kuwa sai an ɗan gutsuri wani abu, kamar tuwon da aka ba yara su kai maƙwabta.

Iyayenmu da suka yi tafiye-tafiye a farkon shekarun 1980 suna ba mu labarin zamanin da naira ta fi dala daraja, ɗan Nijeriya ya shiga kasuwar Kwatano yana taƙama. Ni nawa zamanin dabam ne. A watan Yuni na 2023 gwamnati ta sakar wa naira mara, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta kama hawa, har ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Ita kuwa sefa, tun bayan karya darajarta da aka yi a Janairun 1994, aka kuma ɗaure ta a jikin yuro a 1999, tana nan a sefa 655 da 'yan kai kowace yuro. Wato dai guzurina yana ramewa a cikin akwati ba tare da na taɓa shi ba. Na je Wapa sau uku a mako guda, ba don in canja ba, don kawai in ji farashi, kamar mai zuwa dubiya asibiti.

A zuwa na uku wani dattijon ɗan canji ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Malam, wannan ne fitarka ta farko ko?"

Na ce, "Alhaji, a ina ka gane?"

Ya ce, "Wanda ya saba tambaya ɗaya yake yi ya miƙo kuɗi. Zauna in faɗa maka abin da ba a saye."

Shi ya koya mini cewa idan Bahaushen ƙasar sefa ya ce dala, ba ta Amurka yake nufi ba, sefa biyar yake nufi, jika kuma sefa 1,000. Ya ce a Gana an yanke wa sidi sifili huɗu a 2007, amma har yanzu akwai masu faɗin farashi da tsohon lissafi, saboda haka idan aka ce mini miliyan ɗaya kada gabana ya faɗi, sidi 100 ake nufi. Ya ce in riƙe ƙananan kuɗi a aljihun gaba, manya kuma kada kowa ya ga inda suka kwana. Katin banki, in ji shi, a tafi da shi, amma kada a jingina da shi, don na'ura ba ta san baƙo ba. Na fito da ɗan sauƙi a zuciya, na ƙara yarda cewa matambayi ba ya ɓata.

Na dawo gida na sake baje lissafi a takarda: kuɗin mota zuwa da dawowa, masauki, abinci, kuɗin ɗaukar hoton takardu, da ɗan abin ajiyewa saboda rashin lafiya. Da kyar ya kai. A nan ne wata fargabar ta biyu ta ɓullo, wadda ban yi mata gurbi a takardar ba. Labari ya bazu a dangi cewa wane zai fita waje, su kuwa mutanenmu waje waje ne, ba ruwansu da ko Landan ce ko Lome. Sallahu ya fara shigowa. Wannan atamfa, wannan takalmin Kumasi, wannan cakulan na yara. Mai ba da kuɗin sayen abinsa ɗaya ne a cikin biyar, sauran sai su ce, "Ai ka san abin da ya dace da ni." Uwargida ba ta nemi komai ba, ta dai ce, "Malam, ka tuna da su Gwaggo," wannan kuwa ya fi kowace buƙata nauyi.

Da na zauna na auna, sai na tarar abin da yake hana ni barci ba ɓarawon Seme ba ne. Hoton kaina nake gani na sauka a tasha da jaka shafal, yara sun rugo suna oyoyo, ni kuwa ba abin da zan miƙa musu sai hotunan ajami. Masu iya magana sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Matafiyi dai duka biyun yake ɗauka a ka, kuma a nawa ma'aunin kunyar ta rinjayi tsoron.

Ana cikin haka wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta aiko a kira ni. Ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yan kuɗi da ƙullin turaren wuta. Ta ce yayanta ya tafi Kumasi tun tana budurwa, wasiƙarsa ta ƙarshe ta zo kafin a haifi autarta, tun daga nan shiru. Ta ce, "Ɗan nan, idan yana raye ka ba shi, ka ce ina gaida shi. Idan ya riga mu, ka ba 'ya'yansa, su san suna da gwaggo a Kano." Ba ta da adireshi, sai sunansa da sunan mahaifinsu da sana'arsa ta dukanci. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma tun daga ranar suka fi duk abin da ke jakata nauyi. Nawa idan sun ɓace asara ce, nata kuwa amana ce.

Sai maganar lafiyar hanya. Hanyar arewa, wadda take bi ta Maraɗi da Yamai ta ratsa Burkina Faso ta faɗa Gana ta Paga, ba wanda ya ba ni shawarar in bi ta. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 an rufe kan iyakarmu da su har zuwa Maris na 2024, ga kuma masu ɗauke da makamai a dazuzzukan Burkina. Saboda haka sai gaɓar teku. Takarduna sun cika: ga fasfo, ga katin rigakafin shawara wanda ba a shiga Gana sai da shi, biza kuwa ba a bukata, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar zaman kwana 90. Amma takarda ba ta toshe bakin masu ba da labari. Duk wanda ya ji zan tafi sai ya tuno wani da aka yi wa kaza. Wani ya ce a kan iyaka akan sa wa mutum ƙwaya a jaka. Wani ya tuna mini korar baƙi da gwamnatin Busiya ta yi a 1969, kamar jiya aka yi ta, ya manta mu ma mun rama a 1983, har jakar da suka kwashe kaya da ita muka laƙaba mata sunan ƙasarsu, ga ta nan kuwa a ɗakina na cika ta da kaya. Abin mamaki, da na bi labaran ɗaya bayan ɗaya, ba ko ɗaya da mai faɗinsa ya gani da idonsa.

Wanda kowa ya gani da ido shi ne na gida. Ba mai bukatar a ba shi labarin hanyar Kaduna zuwa Abuja, ko harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris, 2022. Na lura cewa yankin da ya fi cancantar addu'a a duk tafiyar yana cikin ƙasata ne, inda nake jin harshen kowa, nake kuma riƙe da kuɗin da na sani. Ashe ba yawan haɗari ne yake auna fargaba ba, rashin sabo ne. Haɗarin da muka saba da shi mun ba shi wurin zama, wanda ba mu sani ba kuwa mun yi masa ƙaho.

Ana jibi zan tashi na je yi wa mahaifiyata sallama. Ta saurari duk lissafina ba ta katse ni ba, sannan ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar lalitar mahaifina, fatar ta yi baƙi saboda daɗewa. Ta ce, "Raba su uku. Kashi ɗaya a nan, a ɗaure a ƙugu. Kashi ɗaya a aljihu. Na ukun kawo in ɗinke maka a ƙugun wando." Tana ɗinki tana tambayata, "To, wa zai sauke ka?"

Na ce, "Inna, akwai masaukin baƙi na kuɗi."

Ta ɗago kai ta ce, "Ban tambaye ka ɗaki ba. Mutum na tambaye ka."

Wannan tambaya tata ita ce ilimin fatake gaba ɗaya. Mutanen da suka riƙa zuwa Gwanja suna shafe watanni a hanya da jakuna, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu da ta yi suna wajen 'yan fashi, suna biyan kuɗin fito da na sarakunan hanya. Kuɗinsu wuri ne, keso guda wuri 20,000, kaya ne na sosai, shi ya sa suka fi son tafiya da kanwa da tufafi da fatu su musanya. Ba su da fasfo, ba su da wayar hannu. Abin da suke da shi ayari ne, da madugu wanda ya san kowane zango, da jagaba a gaba, da mai masauki a can wanda zai adana musu dukiya, ya tsaya musu idan rigima ta taso. Ba wanda yake fita shi kaɗai ya dogara da wayonsa. Unguwannin Zango da ke Kumasi da Akra a yau jikokin wannan tsari ne.

A daren na nemi wani abokin karatuna da ke kasuwar Kantin Kwari, shi kuma ya haɗa ni da wani maigidansa a Zangon Kumasi. Na buga masa waya ina ta kame-kamen gabatar da kaina, ya katse ni da Hausarsa mai ɗanɗanon can, ya ce, "Kai dai taho. Idan ka iso tasha ka kira, yaro zai zo." Ranar na yi barcin da na kwana biyu ban yi ba. Kuɗina ba su ƙaru da ko kwabo ba, hanya ma tana nan yadda take, amma yanzu akwai wanda zai tambaya idan ban iso ba.

Tafiyar kanta ba ta da dogon labari. An sha zama a kan iyakoki, an sauke kaya an mayar, na ga takardun da na je nema. Mai masaukina ya sa aka yi cigiya a masallatan Zango, a kwana na huɗu aka kai ni gidan dukawa. Yayan tsohuwa ya daɗe da rasuwa. Babbar 'yarsa, wadda ta yi jika ita ma, ta karɓi ƙullin turaren ta shinshina, ta rufe fuska da mayafi, aka daɗe ba wanda ya ce uffan. Suka haɗo ni da turmin atamfa da hoton marigayin in kai wa gwaggonsu. Tsarabar sauran dangi kuwa, abin da ya samu shi aka raba, wasu suka yi godiya, wasu suka yi ta a ciki.

Abin da ya sa na kawo wannan a shafin marubuta shi ne, a yawancin littattafanmu fita waje layi ɗaya ce. Tauraro ya shiga jirgi, sai ga shi a Landan ko Dubai, ba canji, ba sallahu, ba uwar da za ta ɗinke masa kuɗi a wando. Alhali a wannan makon na jajibiri ne halin mutum yake fitowa fili: abin da yake tsoro, wanda yake jin kunya, amanar da ya ɗauka, da wanda zai neme shi idan ya ɓace. Mai neman abin rubutawa ba sai ya bi tauraronsa har ƙasar waje ba. Ya tsaya da shi a ɗaki ana gobe tafiya, ya duba abin da yake ƙirgawa da wanda yake tunawa, zai sami babi guda cur.

Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya kuma rufa musu asiri a wajen masu jiran tsaraba, amin.