Halin Ƙaramar Mota a Kan Kwana

Miƙaƙƙiyar hanya ba ta nuna halin mota. Kowace irin mota, in aka tashi daga Gyadi-Gyadi aka miƙi hanyar Zariya aka taka mata totur, sai ta yi gudu. Wurin karya kwana a ke rarrabe ta ƙwarai da ta banza. Na yi shekaru ina tuƙi tsakanin Tarauni da cikin gari, ga kuwa abin da na lura da shi.

Ka ɗauki ƙwarya cike da ruwa, ka yi sauri, sa'an nan ka juya farat ɗaya. Ruwan sai ya zube waje guda. Haka nauyin mota ya ke. In direba ya murɗa sitiyari hagu, nauyin sai ya kwanta bisa tayoyin dama. Abin da kowace taya ta ke taɓawa na kwalta kuwa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Tafi huɗu ke nan su ke riƙe da rayukan mutum biyar. Wani abin kuma da direbobi da yawa ba su sani ba: in ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da ke tura motar waje ninkuwa ya ke sau huɗu. Kwanar da ka sha lafiya a kilomita 30, in ka zo mata a 60, ta zama wata kwana dabam.

Da Peugeot 504 na koyi wannan, wadda mu ke ce wa Fijo, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna. A 1975 irinta ce ta ci tseren Safari a Kenya, don haka ba raguwa ba ce. Amma safirin ɗinta mai taushi ne. In ta shiga kwana sai ta karkata kamar raƙumi zai durƙusa, fasinja ya kama ƙofa, direba ya san lokacin sassautawa ya yi. Tayoyin baya ke tura ta, shi ya sa in ta hau yashi, ƙugunta ke zamewa.

Daga baya na riƙe 406. Ita gajera ce kusa da ƙasa, ga faɗin taya, ga safirin mai tauri, tayoyin gaba kuma ke jan ta. A da, kafin a gina gadar da aka buɗe a 2021, akwai shataletale a Dangi, inda titin Gidan Zu ya haɗu da hanyar Zariya. Nan na kan zaga da ita, ta bi sitiyari kamar doki mai jin linzami, ko girgiza babu. Wallahi akwai daɗi, ba na ɓoyewa.

To, amma daɗin nan shi ne abin tsoronta, gama ba ta yin gargaɗi. Tun da ba ta karkata, direba ba ya jin yawan gudunsa. Ran da ta taka yashin da hunturu ya tara a gefen kwalta, ko ta hau santsin ruwan farko, sai a murɗa sitiyari ta ƙi juyawa, hancinta ya miƙe sak. A kwanar Kotu kuwa abin da ke gaban hancin nan mai talla ne, ko ɗan makaranta, ko adaidaita sahu cike da mata. Na ga samari ran ɗaukar amarya suna gwaninta a irin wuraren nan, taya na kuka, mutane na tsalle cikin kwata.

Ni dai yadda na ke yi, ina gama taka birki tun motar tana miƙe, in sauko giya, in shiga a hankali idona na kan mafita. Sai na ga hanya ta buɗe na ke ƙara wuta. Kowace Asabar kuma na kan tsaya wurin mai faci a Tarauni ya auna mini iskar tayoyin nan huɗu, har da safaya.