Filin Fam Biliyan Biyu da Filin Bayan Makaranta

Ranar Laraba, kwana uku bayan Ƙaramar Sallar 2025, hantsi ya same ni a shagon wani tela a Tsamaye, mu kusan goma mun sunkuya kan waya guda. A daren da ya gabata Nottingham Forest ta doke Manchester United da ci ɗaya mai ban haushi, kuma babu wanda ya kalli wasan kai tsaye a cikinmu. An take shi ne da ƙarfe takwas na dare, alhali gidan kallon garinmu ya daɗe da daina tayar da janareta bayan isha'i. Ƙarar inji da taron samari cikin duhu abu ne da mutanen Sabon Birni da Isa suka koyi gudunsa. Sai da safe muke ganin abin da duniya ta gani jiya, gutsure-gutsure, gwargwadon yadda sabis ya yarda.

Wanda ya ci ƙwallon shi ne Anthony Elanga, yaron da United ta raina a makarantarta sannan ta sayar wa Forest a 2023. Ya ɗauko ta tun daga gidansu ya yi ta sheƙa gudu har ya jefa ta a ragar tsohuwar ƙungiyarsa. Telan, wanda ɗan United ne tun zamanin Ferguson, ya kalli bidiyon sau biyu bai ce uffan ba. Daga nan ya karɓi wayar ya buɗe wani hoto.

"Ku bari mu gama hilin ga," in ji shi. "Mutum dubu ɗari! Duk Ingila babu irinai."

Ƙanena ya dube ni yana murmushi. "Yaya, hwaɗa mishi abin da hili yay yi muna."

Hoton da telan ke nunawa ya fito ne ranar 11 ga Maris, ana tsakiyar azumi. United ta sanar da cewa za ta gina sabon filin wasa mai ɗaukar mutum 100,000 a gefen Old Trafford, gidan da take ciki tun 1910, a kan kuɗi kimanin fam biliyan 2. Kamfanin Foster + Partners ne ya yi zanen: wata ƙatuwar rumfa kamar laima, da dogayen ginshiƙai uku da suka soki sama. Hoton yana da kyau, ban musa ba. Amma ni ɗan Arsenal ne, irin waɗanda Kanu Nwankwo ya ja zuwa ƙungiyar muna yara, kuma ɗan Arsenal mai shekaruna ba ya ganin zanen sabon fili ba tare da gabansa ya faɗi ba.

A kakar 2003 zuwa 2004 Arsenal ta ɗauki gasar Firimiya ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba. Shekara biyu bayan haka ta bar Highbury mai kujeru kimanin 38,000 ta koma Emirates mai kimanin 60,000, aikin da ya ci kusan fam miliyan 390, mafi yawansa rance. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai namu ya fito fili. Thierry Henry ya tafi Barcelona a 2007. Adebayor da Kolo Toure suka koma Manchester City a 2009. Fabregas da Nasri suka bi hanya a 2011, kuma a watan Agustan wannan shekarar United ta zuba mana takwas da biyu. Na kalli wasan a wani gidan kallo a Sakkwato ina ɗalibi, na fito tun kafin a tashi, na yi kwana biyu ina kauce wa majalisarmu. A 2012 Robin van Persie ya koma United ɗin kanta, ya ci mata gasa a shekarar farko. Daga 2005 har 2014 ba mu ɗaga kofi ko ɗaya ba. Samartakata kusan gaba ɗaya ta ƙare ne ina biyan kuɗin ginin da ban taɓa taka ƙafata cikinsa ba, da haƙurin shan zolaya.

Yadda abin ke aiki ba boyayye ba ne. Mai ba da rance yana son haƙƙinsa kowace shekara, an ci wasa ko ba a ci ba. Siminti ba ya sayuwa idan an matsu, ɗan wasa kuwa yana sayuwa cikin mako guda. A 2025 akwai kuma ƙa'idar Firimiya da ta taƙaita asarar da ƙungiya za ta iya yi cikin shekara uku zuwa fam miliyan 105. Kuɗin gina fili ba ya shiga wannan lissafi, amma akwai wani abu da ke shiga: yaron da ƙungiya ta raina da kanta ba a saye shi da ko sisi ba, don haka duk abin da aka samu a kansa riba ce tsantsa a takarda. Shi ya sa ɗan gida ne kan fara ganin ƙofa. United ta riga ta shiga wannan hanya tun kafin a haƙa harsashi. Bayan Elanga ta sayar da Scott McTominay ga Napoli a 2024, kuma a watan Mayun 2025 ya ɗauki gasar Italiya har aka zaɓe shi gwarzonta, ita kuwa United ta ƙare ta 15. Ga bashin da iyalan Glazer suka ɗora mata lokacin da suka saye ta a 2005, ga ɗaruruwan ma'aikatan da aka sallama bayan zuwan Jim Ratcliffe.

Na faɗi wani yanki na wannan a shagon, da murya irin ta wanda aka taɓa sarewa. Telan bai ja da baya ba, kuma dole in yi masa adalci. Ya tuna mini cewa a Mayun 2024, ranar da muka doke su ɗaya da nema a gidansu, ruwan sama ya riƙa kwarara ta rufin Old Trafford kamar indararo, duniya tana dariya, mu ne kan gaba. Ya ce wanda ya ƙi gyara ɗakinsa don kada ya taɓa rumbu, damina za ta ci masa ɗakin da hatsin. Ya kawo Tottenham, wadda ta buɗe sabon filinta a 2019 tana samun kuɗi da shi ko ranar da ba wasa. Ya ce mu ma yanzu da kuɗin ƙofar Emirates muke sayen irin su Declan Rice. Gaskiya ya faɗa. Gardamar ta koma kan wane ne zai ci wuyar da kuma shekara nawa za ta ɗauka.

Kawuna yana zaune a bakin ƙofa yana jiran a yi masa ɗinkin aljihu. Ba ya kallon ƙwallo, bai kuma san Elanga ba. Da hayaniya ta lafa sai ya ce, "Ku da kuka gardamar hilin Turawa, wa ya leƙa naku bana?" Ya ƙara da cewa Alƙalawa ma ganuwa gare ta, ga kufainta nan kusa, kowa na iya zuwa ya gani.

Da la'asar na sa ƙanena ya raka ni. Filinmu yana bayan makarantar firamare, inda gari ya ƙare. A nan muka buga gasar Sallah shekara da shekaru, ƙauyuka na zuwa a kan babura, wasu har daga tsallaken iyaka ta ɓangaren Maraɗi. Abin da na tarar kunyoyi ne da tushiyar karan gero sun cinye fiye da rabinsa. Tun da gonakin nesa suka gagari zuwa saboda 'yan bindiga, mutane suka dawo noma duk wata ƙasa da ke kusa da gida, kuma babu mai zuciyar hana maƙwabcinsa shuka abin da zai ci don a buga tamaula. Turke ɗaya na raga yana tsaye, ɗayan an yi makamashi da shi.

Na tambayi ƙanena 'yan wasan da na sani. Mai tsaron gidanmu yana tura baro a Sakkwato. 'Yan baya biyu sun bi iyayensu gudun hijira Nijar. Yaron da muke kira da sunan Okocha saboda iya yanka yana ga-ruwa a Kudu. Ɗaya an ɗauke shi a hanyar kasuwa, an biya fansa, ya dawo, bai ƙara sha'awar gudu ba. Babu wanda ya sayar da su, babu ribar da aka rubuta a takarda. A shagon tela muna ta jayayya kan wanne ya kamata a fara riƙewa tsakanin fili da ɗan wasa, ga amsar Tsamaye a gabana: yaran ne suka fara tafiya, filin ya bi bayansu.

Abin da ya fi damuna shi ne kaina. Ni ɗan jarida ne. Na san adadin kujerun Emirates da ka, na san ranar da rufin Old Trafford ya yi yoyo, amma na yi shekaru a Sakkwato ban shiga filin Giginya na kalli Sokoto United sau uku ba, kuma ban taɓa rubuta layi ɗaya kan yadda filin garinmu ya zama gona ba. Ba na ganin laifin telan, ko na samarin da ke sunkuye kan waya. Mutumin da dare ya zama masa abin tsoro yana da haƙƙin ya mallaki wani gini a zuciyarsa, ko da a Manchester yake. Ni da ke da alƙalami ne ba ni da hanzari.

Kafin in koma na ba ƙanena kuɗin ƙwallo biyu, na kuma je na gaida mai gonar, wanda abokin mahaifinmu ne. Ya ce daga girbi zuwa faɗuwar ruwa filin namu ne, in dai za mu baje kunyoyin da kanmu. Telan ya yi alkawarin ɗinka raga da igiyar buhu, da sharaɗin a sa wa ƙungiyar jar riga. Ƙanena ya amince, domin Arsenal ma ja take sawa. Abin da ya rage shi ne mutum 22. Da muka ƙirga a bakin masallaci bayan magariba, mun samu 14, har da ni.