Duba Ƙafa Kafin Ƙirji

A kowace shekara, wajen ƙarshen watan Afrilu, akwai wani daren Alhamis da ba na kwanciya da wuri. Da misalin ƙarfe ɗayan dare agogon Najeriya ne ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ke fara zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, ni kuwa ina Ƙauran Namoda ina biye da su ta waya, muddin akwai caji. Maiɗakina ta daɗe da daina tambaya. Abokaina, waɗanda ba su san wata ƙwallo ba sai ta Ingila da Sifen, sun ɗauki abin a matsayin wata 'yar taɓuwa. Ban taɓa zama na bayyana musu cewa ƙattin da ba sa taɓa cin ƙwallo nake jira ba, domin duk lokacin da aka kira sunan ɗayansu mutum biyu nake tunawa: marigayi Kawuna, da wani yaro da na sallama daga aiki.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Kowane ɓangare na da mutum 11 a fili. A ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo akwai majefi, wanda shi ne ƙwaƙwalwar ƙungiya, kuma a gabansa mutum biyar ke jeruwa kafaɗa da kafaɗa su zame masa katanga. Yawancinsu kan kai kilo 140. Doka ba ta yarda a jefa musu ƙwallo su cafe ba, ba ta kuma yarda su cakumi abokin gaba su riƙe ba. Aikinsu shi ne su tare masu kawo farmaki na kimanin daƙiƙa uku, har majefi ya saki ƙwallo, ko kuma su ture su gefe su buɗe wa mai gudu hanya. Mai kallo ba ya jin sunan ɗan katanga sai ranar da ya yi kuskure.

Daga nesa su biyar ɗin kamar an buga su a injin guda, amma gurabensu iri uku ne. Biyu na gefe, waɗanda ake kira takul, suna tsaye ne a bakin katanga, gefensu fili ne fetal, kuma da masu tsananin gudu suke karawa. Su ake nema wa dogon hannu da sauƙin ƙafa. Na hagu ya fi tsada, domin majefi badame yana juya wa wannan ɓangaren baya, ba ya ganin abin da ke tahowa. Biyu na ciki, gad, a matsatsi suke faɗa, da abokan aiki dama da hagu, kuma ƙarfin ƙugu ne jarinsu. Na tsakiya, senta, shi ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, shi ke karanta jeren abokan gaba ya faɗa wa sauran wanda kowa zai ɗauka.

Kawu bai taɓa ganin wannan wasa ba, amma da ya gani da ya gane shi nan take. Ya yi kokawa da ƙuruciyarsa a ƙauyukan da ke tsakanin Ƙaura da Zurmi, da ya tsufa kuma ya zama wanda ake kai wa samari bayan kaka ya ce wa zai shiga fage da sunan gari. Kullum rediyonsa na manne da kunne idan ana gasar Takobi ta Nijar, wadda aka fara a 1975. Wata shekara aka kawo masa wani ƙato, ƙirji kamar ƙofar zaure, jama'a na ta sowa tun bai tuɓe riga ba. Kawu ya sa shi ya zagaya fili sau biyu, ya sa wani siririn yaro ya ture shi ta gefe. Ƙaton ya harɗe ƙafa kafin ya daidaita. Kawu ya juyo gare ni ya ce, "Kai ɗan nan, ka gani? Ƙirji na 'yan kallo ne. Ni ƙafa nike dubi, da inda ƙugu ke zuwa in an girgiza mutum." Bai kore shi ba. Ya ce kada a haɗa shi da mai zillo, a ajiye shi sai an fito da wani mai nauyi da ke son a rungumi juna a tsaya wuri guda. A irin wannan karon ba a taɓa kayar da shi a gabana ba.

Abin da masu farautar 'yan wasa a Amurka ke kashe miliyoyin daloli a kansa ke nan. Kowace shekara suna tara samarin a birnin Indiyanapolis, su auna tsawo da nauyi da tafin hannu, su ƙirga sau nawa mutum zai ɗaga ƙarfe mai kilo 102. Awon da ya fi tayar da gardama shi ne tsawon hannu. Ƙungiyoyi da dama ba sa son takul da hannunsa bai kai inci 33 ko 34 ba, saboda wanda ya riga kai hannu ƙirjin ɗan'uwansa shi ke juya shi, kamar dai a fagen kokawa. To amma awo yana faɗin girman jiki ne kawai. Sai an zauna an kalli hoton wasanninsa ɗaya bayan ɗaya ake ganin ko yana lanƙwasa gwiwa ko doro yake yi, ko yana iya farfaɗowa bayan an riga shi taku ɗaya.

A 2004 ƙungiyar Oakland Raiders ta ɗauki Robert Gallery a lamba ta biyu cikin dukkan 'yan wasan shekarar, da yaƙinin ta samu takul na shekara goma. A gefe aka riƙa wuce shi, jaridu suka yi masa lakabin asara. Da aka mayar da shi gad a 2007, sai ya zama ɗan wasa mai amfani na tsawon shekaru, amma tabon bai goge ba. Zack Martin kuwa takul ne a jami'ar Notre Dame. Dallas Cowboys ta ɗauke shi a lamba ta 16 a 2014, ta tura shi ciki tun ranar farko, kuma sau bakwai ana zaɓensa a sahun farko na gwanayen gasar. Wanda aka gane gurbinsa da wuri ya yi suna, wanda aka gane a makare ya sha zagi a kan kuskuren masu zaɓensa.

Su ma Amurkawan sun san darajar kokawa. Stephen Neal bai buga ƙwallo a jami'a ba ko sau ɗaya, zakaran kokawa na duniya ne a 1999. New England Patriots ta koya masa aikin gad, ya ci kofin Super Bowl uku da ita. Tyler Linderbaum, wanda ya yi kokawa a sakandare, hannunsa inci 31 ne da 'yan kai, awon da zai hana shi zama takul. Baltimore Ravens ta ɗauke shi a 2022 a matsayin senta, inda gajeren hannu bai cika cutarwa ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Duk wannan na san shi a lokacin da na yi nawa kuskuren. Ina kula da wani shagon taki da iri, muka nemi ma'aikaci, wani yaro ɗan Shinkafi ya fi kowa takardu da natsuwa. Gurbin da ya fi albashi shi ne na fita kasuwanni, har da ta Shinkafi ranar Alhamis, a shawo kan dillalai a kuma karɓo bashi. Na ga ya fi kowa, don haka na ba shi gurbin da ya fi kowanne. Yaron ba mai magana ba ne. Dillali ya ɗaga masa murya, sai ya yi shiru ya dawo hannu wofi. Amma takardar da yake kawowa ba ta taɓa saɓa wa lissafi ko da buhu ɗaya ba, kuma shi ya fara lura cewa kayan sito ba sa cika. Na ga wannan da idona, ban karanta shi ba. Bayan wata shida na kira shi na ce, "Ɗana, aikin nan bai karɓe ka ba." Ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," ya ajiye makullin babur. A lokacin mahaifiyarsa da ƙannensa sun baro ƙauye saboda 'yan bindiga, albashin nan ne ke biyan hayar ɗakin da suke ciki.

Ofisoshinmu da makarantunmu cike suke da irin wannan. Malamin da ya fi kowa iya aji shi ake yi wa sakayya da kujerar shugaba, a raba shi da allo, a haɗa shi da takardun da ba ya so. Muna jera mutane daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, sa'an nan mu raba gurabe bisa jerin, alhali tambayar da Kawu ke yi ita ce da wa za a haɗa wannan, kuma a wane irin karo.

Tun 2022, lokacin da NFL ta yi sansaninta na farko na Afirka a Gana tare da Osi Umenyiora, ana neman ƙattin samari a nahiyar nan. A shekarar ce Roy Mbaeteka ya tafi New York Giants daga Najeriya a matsayin ɗan katanga. Nakan yi tunanin samarin Zurmi da Shinkafi da suka tashi da sanin riƙo da tsayuwa, a daidai lokacin da taron dare bayan kaka ya zama abin tsoro a ƙauyuka da yawa, tsofaffin da ke da irin idon Kawu kuma suna ƙarewa ba su koya wa kowa ba.

Bara na shiga wani babban sito a Gusau sayen kaya, na tarar da yaron nan zaune da littafi, ma'aikata shida suna jiran sa hannunsa kafin buhu ya fita. Ya taso ya gaishe ni har ƙasa, ya sa aka kawo mini ruwa. Na ce masa, "Na zalunce ka a wancan lokacin, sito ya kamata in ba ka." Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai rabon a nan yake." Sai ya koma ya ƙirga buhunana da kansa, ya ce direbana ya ɗora ɗaya fiye da abin da na biya, a sauke shi.