Daga Kano Zuwa Abuja: Lissafin Da Ya Kusa Yaudarar Mu

Mu huɗu makarantarmu ta zaɓa mu wakilce ta a gasar kacici-kacici a Abuja, wadda za a fara da ƙarfe 2 na rana. Kafin tafiya, malamin lissafi ya ba mu aiki. Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Nnamdi Azikiwe kimanin kilomita 365 ne ta sama, jirgi kuma yana gudun kusan kilomita 800 a awa ɗaya. Muka raba, muka samu ƙasa da minti 30. Muka ce ai ko ƙarfe 1 muka bar gida mun isa.

Malam ya yi murmushi, ya ce ƙarfe 9 za mu fita, kuma kowa ya sa ido a kan agogo.

Tantance tikiti, binciken kaya da jira suka cinye awa biyu. Tafiyar kanta ta ɗauki kusan awa ɗaya, domin jirgi ba ya kai cikakken gudunsa sai ya gama hawa, kuma tun daga nesa yake rage gudu don sauka. Ta taga muka ga gonakin Kano sun ba duwatsun Abuja wuri. Da muka sauka, ashe akwai sauran kilomita kusan 40 zuwa cikin gari, ga cunkoson motoci.

Muna shiga zauren ana kiran sunan makarantarmu. Malam ya dube mu ya ce, "To, yara, ina minti 30 ɗinku?"