Ƙugun Baba

Shekara uku ke nan Baba ba ya ɗaga damin rake sai ya ce "wash". A Kance kuwa, mai garkar rake in ƙugunsa ya ƙi, tukunyar gidansa ma ta ƙi.

Inna ce likitarsa ta farko. Bayan lisha takan narka man kaɗe, ta zuba dakakkiyar citta da kanumfari, ta murza masa daga kafaɗa har ƙugu. Da safe ga jiƙon sassaƙen hano. Ni da boko ya fara hau mini kai, dariya nake. Amma tsakani da Allah, daren da aka murza yana samun barci, da asuba ya tashi daga sujada bai dafa bango ba. Kwana biyu da komawa garka, ciwo ya dawo.

Dawowar nan ce ta kai shi hannun wani mai lasifika a kasuwar Matamaye. Butali guda jika biyu, wai maganin baya, basir da sanyin ƙashi gaba ɗaya. Ba suna, ba ma'auni, "sha daidai ƙarfinka". Kwana huɗu Baba na zawo, raken da aka sare yana bushewa a garka.

A Damagaram aka yi masa hoto. Likita ya ce ƙashin baya ne ya goge: murzar Inna a ci gaba, ɗaukar kaya a bari.

Baba ya ce, "To wa zai ɗauka?" Ya dube ni.

Hutun bana ni ke ɗaukar dami. Jiya da dare na ce, "Inna, ki rage mini man kaɗen."