Impalar Kawu a Garin Rake

A Makarfin da na tashi, farkon shekarun 1980, da yawan kayan da mota ke ɗauka ake auna darajarta. Ranar Laraba tun asuba manyan motocin Bedford da Mercedes masu bodin katako suke jeruwa a bakin kasuwa ana loda musu rake da mazarƙwaila, akori-kurar Peugeot 404 kuma tana ta jigilar tumatir da barkono daga ƙauyukan Hunkuyi da Kudan da Ikara. Lokacin Katsina ma ba ta fita daga jihar Kaduna ba. Motar da ba ta kawo ko sisi, in ba ta hakimi ba ce, ba ta da mazauni a garin.

Shi ya sa ranar da Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya jawo gawar wata Chevrolet Impala daga Zariya, ɗaure a bayan gingimari, har masu shayi sai da suka miƙe kallo. Ƙirar 1964 ce, tsawonta ya haura mita biyar, fitilun bayanta shida ne zagayayyu, uku kowane gefe. Kaji sun daɗe suna ƙwai a kujerar bayanta. Kawu bakanike ne na manyan motoci, yana da iyali da yaran gareji, ba wanda ya taɓa saninsa da wauta. Wani dattijo ya ce masa, "Malam, wannan kuma buhu nawa za ta ɗauka?" Ya ce, "Baba, ko ɗaya. Ni kaɗai za ta ɗauka."

A Jamhuriya ta Farko irin waɗannan motoci na Amurka ministoci da sarakuna da attajirai ke hawa. Abu biyu ya karya su. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta sauya hannun tuƙi ta koma dama, ita kuwa ta Kawu sitiyarinta a dama yake, cikin waɗanda General Motors ke haɗawa a lokacin a Kanada domin ƙasashe masu bin hannun Ingila. Sannan a 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, gwamnati ta rungumi 504, kowane mai kayan gyara ya bi inda ciniki yake. Mai Impala in fanbel ya tsinke masa sai ya jingine ta a gindin mangwaro, shi ke nan.

Aikina na farko miƙa sifana, a nan kuma na fara gane motar baƙuwa ce. Sifanun Peugeot da muka saba da su, lamba goma da sha uku da sha bakwai, ba wadda ta zauna daidai a kan notinta. In ka matsa sai ka cinye kan notin. Awon inci take bi, rabin inci da tara bisa sha shida. Kawu ya buɗe akwatin da yake aikin Bedford da shi, sai ga su suna shiga cif. Ya ce ai dangi ne. Daga baya na karanta cewa gaskiyarsa: a lokacin Bedford ta kamfanin Vauxhall ce a Ingila, wanda General Motors ya saya a 1925, kuma injin Bedford na farko a 1931 daga injin Chevrolet mai silinda shida aka samo shi. Kawu bai san wannan tarihi ba. Hannunsa ne ya gaya masa.

Injin ya daskare, ko motsi ba ya yi. Ya kwance filogi shida ya ɗura kananzir da baƙin mai a ramukan, ya bar su suna jiƙa. Kullum bayan la'asar, in an sallami masu manyan motoci, sai ya sa giya mu yara mu riƙa jijjiga ta gaba da baya. Ya hana a sa ƙarfi. "Kai, a hankali! Tsatsa ba a yi mata gaggawa, ringi za ka karya." Ran da fistin ya saki, wata 'yar ƙara kawai muka ji, mota ta gangara taku guda. Kawu ya aika aka sayo mana rake.

Abin da ya fi zauna mini shi ne yankan gaskit. Sai ya ɗora kwali mai kauri a bakin famfon ruwa, ya ɗauki ƙaramar guduma mai kan ƙwallo yana ƙwanƙwasa gefe-gefe, ƙarfen da kansa yana yanke kwalin, har ramukan noti su fito daidai. Bawul kuma ni aka bar wa: a shafa masa man gurza, a kafa sanda mai roba a kansa, ka riƙa murza ta tsakanin tafukanka kamar mai burga miyar kuka, ka ɗaga, ka juya, ka sake. Bawul goma sha biyu ne. In na ce na gama, sai ya zuba fetur a kai ya tsuguna yana jira. In ya ga danshi ta ƙasa, ba ya ko magana, sandar yake miƙo mini.

Sauran kuwa yawo ne. An kai karanshaf Kano aka gurje shi. Robobin birki a Ƙofar Ruwa ya tsinto su, yana gwada na wasu motoci da awon inci har ya dace. Hannun ƙofa guda da ya ɓace, maƙeran Panteka a Kaduna suka zuba masa da narkakken alminiyam, suka kwaikwayi na ɗaya gefen. Mai dalma ya toshe lagireto, mai kushin ya ɗinke kujeru da jar leda. Matarsa ta gaji ta ce, "Malam, kuɗin cefane fa kake zubawa a ƙarfen nan." Ya ce ta yi haƙuri, ai ba ya caca, ba ya shan taba.

Damina biyu ta wuce kafin ta tashi. Ya daidaita wuta da kunne, yana juya distiributa kaɗan-kaɗan har sautin ya kwanta. Muka bi hanyar Tashar Yari, ni a gaba a kujera mai faɗin da mutum uku ke zama ba matsi. Ban taɓa shiga motar da ke haɗiye gargada irinta ba. Shan mai kam ba a magana, amma fetur kobo 20 ne lita a 1982. Ta ɗauki amare da dama a Makarfi da Gubuchi, bai taɓa karɓar ko kwabo ba, har dattijon nan mai tambayar buhu ya zo aron ta ranar auren jikarsa.

Yanzu nakan ga yadda masu wannan sha'awa ke yi a Amurka: su buɗe kwamfuta su yi odar kowane noti sabo fil, har fentin asali da lambarsa, su kai mota gasa a duba ko an sauya mata wani abu. Da alƙalan gasar sun ga ta Kawu, da tun a ƙofa za su kore ta. Ta fi kusa da tsofaffin motocin Habana a Kyuba, waɗanda takunkumin Amurka ya yanke wa kayan gyara tun farkon shekarun 1960, masu su suka ci gaba da raya su da sassan motocin Rasha. A ganina wannan gyaran ya fi wuya, domin mai yin sa dole ya san dalilin kowane ƙarfe kafin ya nemo abin da zai tsaya a madadinsa.

A 1986 fetur ya koma kobo 39 da rabi, naira ta fara zubewa, fitar Impala ta koma daga Sallah sai Sallah. Bayan rasuwar Kawu magada suka rasa yadda za a raba ta, ba kuma wanda ya taya. 'Yan gwangwan suka zo da abin yanka da sikeli, suka saye ta a kilo, suka loda ta gunduwa-gunduwa tare da tsofaffin garmuna da kwanon rufi. Ina Kaduna aka aiko mini, bayan an riga an raba kuɗin.